Majigi a Ɗakin Jiran Likita

Kalmar majigi aro ce daga Turanci, daga sunan wata tsohuwar fitila da ake cusa wa gilasai masu zane ta haska su a bango, wadda Turawa suka yi wa laƙabi da fitilar sihiri. Bahaushe ya karɓi kalmar ya ɗora mata aikin da ya fi na asali girma: ta zama sunan motar gwamnati da ke isowa gari da la'asar, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada, a tayar da inji, a jira duhu. Yau motar ta yi wuyar gani, amma tunanin da ya ɗauko ta bai mutu ba, ɗaki kawai ya shiga. Shi ne a cikin talabijin ɗin da aka maƙala a bangon wurin jiran likita, shi ne kuma a cikin gajeren bidiyon da ake nuna wa mata ranar awo. Shekara ɗari da 'yan kai ke nan ma'aikatan lafiya suna sa ran hoto mai motsi zai yi musu abin da bakinsu ya kasa, wato ya sa mai lafiya ya tashi tsaye kan cutar da bai ji motsinta ba tukuna.

Wuyar wannan aiki dabam take da wuyar magani. Wanda zazzaɓi ya kayar ba ya bukatar lallashi, da ƙafarsa ko a kafaɗar 'yan'uwa zai iso asibiti. Amma wanda ya zo da ciwon gwiwa, ko wadda ta rako yaro mai tari, a ce su tsaya a auna musu jini, ko a yi wa jaririn da ke goye lafiya lau allura mai sa kuka da zazzaɓin kwana guda, wannan sai an shawo kan zuciya. Masu fim ɗin lafiya tun na farko sun dogara ne da abin da mu ma muke faɗa, cewa gani ya kori ji. Tarihin da ke tafe ya nuna cewa karin maganar tana da sharaɗi.

Mafarin ya fi kyau a neme shi a kudancin Amurka. A 1909 attajirin man fetur John D. Rockefeller ya ba da dala miliyan 1 don yaƙar wata tsutsa da ke huda fatar ƙafar mai tafiya ba takalmi, ta bi jini har ta sauka a hanji ta zauna tana tsotsa. Cikin yaran makarantar da aka bincika a yankin, kusan kashi 40 cikin 100 suna ɗauke da ita. Dabarar da hukumar ta fi cin nasara da ita wani ɗan asibitin yini guda ne da ake kafawa a gundumomi. Mutum ya kawo samfurin bayan gidansa, a ɗora a ƙarƙashin madubin likita, a bar shi ya leƙa da idonsa ya ga ƙwan tsutsar, ya saurari bayani kan takalmi da masai, sannan a miƙa masa magani kafin ya bar wurin. Gani da ji da magani duk a inuwa ɗaya. Sai a 1920 Gidauniyar Rockefeller ta fitar da Unhooking the Hookworm, gajeren fim marar sauti da aka yi ta yawo da shi ƙasashe da dama. Fim ɗin yunƙuri ne na zuba wancan bayani a gwangwani don ya yi nisan tafiya. Ya kuwa yi nisa, sai dai madubin da maganin ba su shiga gwangwanin ba.

A Nijeriya labarin ya soma ne da ɓera. Daga 1924 zuwa 1931 annobar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta addabi Legas, ta kama mutum kusan 2,000, kuma mafi yawansu ba su tashi ba. Wani jami'in tsafta Bature mai suna William Sellers ya fara nuna wa jama'a hotuna da finafinai kan yadda cutar ke tafiya daga ɓera zuwa mutum. Daga nan ya samu mota mai ɗauke da injin haskawa ya shiga zagaya ƙasa, har Arewa. Da yaƙin duniya na biyu ya ɓarke a 1939, gwamnatin Ingila ta kafa Sashen Finafinan Ƙasashen Mulkin Mallaka a Landan, ta ɗora Sellers a kai, kuma sashen ya yi aiki har 1955.

Sellers mutum ne mai himma, amma ya gina aikinsa a kan raini. A 1941 ya buga wata maƙala da takenta kaɗai ya isa shaida, domin ma'anarsa ita ce finafinai don mutanen da ba su waye ba. A ganinsa idon ɗan Afirka bai iya karanta hoto mai motsi ba, saboda haka ya shimfiɗa ƙa'idoji: kada kyamara ta motsa, kada a tsallake lokaci, in mutum zai fita daga ɗaki a nuna tashinsa da tafiyarsa har ya kai ƙofa, kada a cika allo da abubuwa. Labarai biyu ne suka yi ta yawo a bakin jami'an mulkin mallaka don kafa hujja. Na farko, an nuna fim kan tsaftar gida, da aka tambayi 'yan kallo me suka gani sai suka ce kaza, wata kaza da ta gifta a gefen hoton ba da nufin kowa ba. Na biyu, an nuna sauro an ƙara masa girma har ya cika allo, sai mutane suka ce ai su ba su da matsala, nasu sauron bai kai haka ba. Masanin tarihi James Burns ya bi sawun irin waɗannan labarai ya nuna yadda ake maimaita su daga wannan ƙasa zuwa waccan. Ni kuwa duk lokacin da na ci karo da zancen sauron, gatse nake ji a ciki. Duk wanda ya zauna a dandali ya san irin dattijon da zai dubi baƙon da ya zo koya masa abin da ya riga ya sani, ya jefa masa magana da fuska a ɗaure, jama'a su ƙunshe dariya, baƙon kuma ya zaro alƙalami ya rubuta cewa mutanen nan ba su fahimta ba.

A farkon shekarun 1950 aka tura wani masanin halayyar al'umma, Peter Morton-Williams, ya zauna da 'yan kallo a ƙauyukan Yarabawa da Hausawa da Ibo da Birom. Abin da ya samu ya rushe ginin Sellers. Mutane na gane fim ba tare da wahala ba. Abin da ke raba su da saƙon shi ne ko labarin ya dace da rayuwarsu, da kuma ko sun yarda da mai kawo shi.

A Arewa majigi ya samu matsayin da gidan silima bai taɓa samu ba. Brian Larkin, a littafinsa Signal and Noise na 2008, ya bayyana bambancin. Silima ta kuɗi ce, tana wajen ganuwa, ana kallonta a matsayin matattarar 'yan iska, kuma gobarar gidan El Duniya a Kano a 1951, wadda ta ci rai fiye da 300, ta ƙara mata baƙin jini. Majigi kuwa kyauta ne, da izinin sarki yake zuwa, hakimi da dagaci na zaune a gaba, yara sun cika fili. Da shi aka koyar da noma, kamar yadda masu shekaru ke tuna Baban Larai, da shi aka tallata Yaƙi da Jahilci, da shi kuma aka yi wa'azin tsafta da lamba.

Akwai mutum guda a wannan fili da tarihi bai ba shi haƙƙinsa ba, wato tafintan da ke riƙe da lasifika. Yawancin finafinan ba su da magana, ko kuma maganarsu Turanci ce, saboda haka duk abin da jama'a suka ji daga bakinsa ya fito. Shi ke raɗa wa mutanen cikin fim suna, shi ke jefa karin magana, shi ke sanin inda zai sassauta don kada a kunyata manya a gaban yara. Fim ɗaya kan zama abu biyu a hannun tafinta biyu. Landan ta ɓata shekaru tana gardama kan motsin kyamara, alhali rabin aikin yana bakin wani ma'aikaci da ba a rubuta sunansa a ƙarshen fim ba.

Raunin majigi kuwa a fili yake. Mota ta zo yau, gobe da asuba ta ɗaga, wataƙila sai baɗi. An nuna wa mutum Malam Mai Hankali da ya je asibiti ya warke da Malam Wawa da ya ƙi ya halaka, domin wannan ne salon da finafinan suka fi so, amma asibitin na nesa da tafiyar yini. Jami'in lafiyar da talaka ya fi sani shi ne duba-gari, mai leƙa randa da cin tara. A 1950 Sashen Finafinai na Nijeriya ya yi fim mai suna Smallpox kan cutar agana, da labarin wanda ya karɓi lamba da wanda ya guje mata. Agana ta ci gaba da kisa da makantarwa har shekara 20 bayan haka. Abin da ya kawar da ita shi ne shirin da aka fara a 1967 a ƙasashe 20 na yamma da tsakiyar Afirka, inda masu lamba suka bi gari gari, suka kuma koyi kewaye duk inda cutar ta ɓulla da rigakafi. A 1970 aka ga mai agana na ƙarshe a Nijeriya.

Abubuwa biyu suka ɗauke fim daga dandali suka kai shi asibiti. Na farko taron Alma-Ata na watan Satumban 1978, inda ƙasashen duniya suka amince cewa kiwon lafiya matakin farko shi ne ginshiƙi, kuma cikin abubuwa takwas da suka lissafa, ilmantar da jama'a ne ya zo a farko. A Nijeriya Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992, shi ya ɗauki wannan tuta. Na biyu kaset ɗin bidiyo, wanda ya shiga kasuwa a tsakiyar shekarun 1970. Ba sai an nemi mota da inji da duhu ba, talabijin da soket sun wadatar.

Akwai kuma lissafin lokaci, wanda shi ne ainihin dalilin da ya sa likitoci suka waiwayi allo. A 2003 masu bincike a Jami'ar Duke ta Amurka suka ƙirga cewa likitan da ke kula da mutum 2,500, in zai yi wa kowa duk nasiha da gwajin rigakafin da hukuma ta shawarta, zai ci awa 7.4 a kowace ranar aiki, tun bai duba marar lafiya ko ɗaya ba. Wani nazari na 2017 da ya tattara alƙaluman ƙasashe 67 ya gano cewa zaman likita da majinyaci na kamawa daga daƙiƙa 48 a Bangaladash zuwa minti 22.5 a Suwidin, kuma a ƙasashe 18 da ke ɗauke da kusan rabin mutanen duniya bai wuce minti 5 ba. A ɗaya gefen ƙofar kuwa mutum na iya share awa biyu a kan benci yana kallon bango. Lokacin da ya yi ƙaranci a ciki ya yi yawa a waje, kuma bidiyon ɗakin jira ƙoƙari ne na ɗebo daga nan a zuba can.

Shin yana aiki? Gwaje-gwaje biyu kan ciwon dajin hanji, waɗanda aka buga a mujallar likitoci guda, sun ba da amsar da ta fi kowace bayyana. Na farko ya fito a 2000, daga ƙananan asibitoci uku a jihar Karolina ta Arewa. Aka ɗauki mutum 249 masu shekara 50 zuwa 75 da suka zo ganin likita. Rabi aka nuna musu bidiyon minti 11 kan gwajin gano cutar da wuri, rabi kuma bidiyo kan kiyaye haɗarin mota. Dabarar tana cikin abin da ya biyo baya. Wanda ya kalli bidiyon gwajin sai ya zaɓi ɗaya daga cikin wasu 'yan takardu masu launi daban daban, gwargwadon ko ya shirya, ko yana son ƙarin bayani, ko ba ya so, sannan a liƙa alama mai wannan launi a kan fayil ɗinsa. Likita na buɗe fayil ya san inda zai kama zancen. An rubuta gwajin ga kashi 47 cikin 100 na waɗannan, da kashi 26 na ɗaya rukunin. Waɗanda suka je aka yi musu gwajin kuwa kashi 37 ne da kashi 23.

Na biyu ya fito a 2004. A nan aika wa mutane kaset aka yi ta gidan waya kafin ranar da za su ga likita. Mutum fiye da 900 suka shiga gwajin. Da aka zo ƙirga, kashi 55 cikin 100 ne suka yi gwajin a rukunin da aka aika wa kaset, kashi 55 kuma a rukunin da ba a aika wa ba. Cuta ɗaya, ƙasa ɗaya, saƙo kusan ɗaya. Na farko ya tarar da mutum taku goma daga likitan da zai rubuta masa takarda, ya kuma sa masa abin da zai buɗe magana da shi. Na biyu ya tarar da shi a falonsa, kamar yadda majigi ke tarar da mutum a dandali.

Gwaji mafi girma shi ne na Safe in the City, bidiyon minti 23 da aka riƙa kunnawa a ɗakunan jira na asibitocin cututtukan sanyi a birane uku na Amurka daga 2003 zuwa 2005. Mako huɗu a kunna, mako huɗu a kashe, har aka bi bayanan mutum 38,635. Cikin waɗanda suka zo a makonnin bidiyo kashi 4.9 cikin 100 ne aka sake samu da sabuwar cuta daga baya, cikin sauran kuma kashi 5.7. Mai son abin mamaki zai taɓe baki. Amma ba a ɗauki ma'aikaci ko ɗaya don wannan ba, ba a kuma ƙara wa kowa minti guda a layi ba. Bidiyon ba lacca ba ne, gajerun wasanni ne na mutane irin masu kallon suna fama da irin zancen da ke da nauyin faɗa. Wannan ya yi daidai da abin da nazarce-nazarce suka sha nunawa, cewa nuna mutum yana aikata abu ya fi tsayar da likita a gaban kyamara yana jero bayani.

Da zarar an gane cewa bangon ɗakin jira na da daraja, 'yan kasuwa suka iso. Tun ƙarshen shekarun 1980 kamfanin Whittle ya riƙa saka wa likitocin Amurka shirye-shirye kyauta da talla a ciki. Kamfanin Outcome Health na Shikago ya faɗaɗa wannan da allunan zamani da tallan magunguna, har aka ƙiyasta darajarsa da dala biliyan 5 a 2017. A 2023 kotu ta samu shugabanninsa uku da laifin zamba, saboda sun sayar wa masu talla alluna da ba su da su. Kamfanonin magani na cikin waɗanda aka cuta a shari'ar, amma tambayar da ta fi damun majinyaci ita ce wa ya biya kuɗin abin da ake nuna masa a lokacin da yake cikin fargaba.

Wannan ya dawo da mu ga yarda, kuma babu inda aka biya kuɗin karatunta da tsada kamar Kano. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganinsa Trovan da ya haɗa da yara kimanin 200 a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa, yara 11 suka rasu, shari'a ta ja har aka yi sulhu a 2009. Da jita-jita ta tashi a 2003 cewa ɗigon shan inna na hana haihuwa, ta sauka ne a ƙasar da aka riga aka yi wa huɗa. Jihar Kano ta dakatar da rigakafin har watan Yulin 2004, lokacin da aka kawo wanda aka sarrafa a Indonesiya, kuma kafin ƙura ta lafa cutar ta tsallaka ƙasashe kusan 20 da suka riga suka rabu da ita. Ba ƙarancin sanarwa ne ya jawo haka ba, rediyo da talabijin cike suke da ita.

Abin sha'awa, cikin dabarun da aka koma wa har da tsohon sunan nan. A ƙaramar hukumar Gezawa, Dakta Nasiru Sani Gwarzo da abokan aikinsa suka shirya wani gangami da suka kira Majigi, suka buga sakamakonsa a 2012. Aka nemi goyon bayan masu sarauta da malamai, aka nuna yadda ƙwayar cutar ke yaɗuwa da halin da yaran da ta shanye ke ciki, aka kuma ba jama'a dama su yi tambaya a amsa musu da Hausa. Yawan yaran da aka yi wa ɗigon ya ƙaru ƙwarai a watannin da suka biyo baya. Kwatancin kafin da bayan ne, saboda haka ba za a rataya wa allon dukan nasarar ba, to amma dai tsarin ya haɗa abin da majigin Sellers ya rasa: masu magana 'yan gida ne, ana iya mayar musu da martani, masu ɗigon kuma suna nan tafe. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji.

Kada a ɗauka hoton yaro marar lafiya makami ne da ba ya kuskure. A wani gwaji da aka buga a Amurka a 2014, an nuna wa iyaye hotunan yaran da ƙyanda da makamantanta suka kama, sai hakan ya ƙara wa wasunsu zargin cewa allurar ce ke da illa. Tsoro kan shiga ta ƙofar da ba ita aka buɗe masa ba.

Yanzu kayan aiki sun yi araha fiye da duk abin da Sellers ya yi mafarki. Ƙungiyar Global Health Media Project, wadda aka kafa a 2010, tana raba bidiyoyin kula da jarirai da shayarwa kyauta cikin harsuna masu yawa, ana saukewa a waya a kalla ba tare da intanet ba. Muna da masana'antar fim ta Hausa da ta san yadda ake riƙe mai kallo, muna kuma da ma'aikatan jinya da ke yi wa mata bayani ranar awo, magadan tafintan majigi ke nan, ko da ba su sani ba. Cututtukan da ke tasowa kuma irin marasa hayaniya ne. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 46 cikin 100 na manya masu hawan jini ba su san suna da shi ba. Auna shi ba ya cin minti uku. Shugaban ƙaramin asibitin da aka kawo wa kyautar talabijin da bidiyon hawan jini yana da 'yan tambayoyin da zai amsa kafin a kira mai haƙa bango: ko akwai wuta a awannin da benci ke cika, ko muryar da ke ciki Hausar garin ce, wa zai tsaya ya amsa tambaya in an gama, kuma ko na'urar awon tana kan tebur a bakin ƙofa da batir a cikinta, ko tana kulle a ofishin wanda ya tafi taro.